Ina son koyon tuƙin jirgin sama don nishaɗi kawai, ku ba ni shawara

Na Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu za su yi dariya, to ku yi, amma in kun gama ku amsa mini. Shekarata 46, harkar shadda da atamfa nake yi a Kantin Kwari tun ina yaron shago, kuma alhamdu lillahi akwai rufin asiri. A Kurna na tashi, inda in jirgi zai sauka sai ka rantse zai kwashe kwanon gidanku. Lokacin jigilar alhazai mukan tsere daga makarantar allo mu je mu maƙale a jikin wayar filin jirgi har la'asar, mu dawo mu sha bulala. Tun daga nan abin ya zauna mini a rai. Ba aiki nake nema ba, ba na son hula, ba na son igiya a kafaɗa. So nake wata safiyar Lahadi in tashi da ɗan ƙaramin jirgi da hannuna, in ga Dala da Goron Dutse daga sama, in leƙa ruwan Tiga in dawo kafin azahar. Na faɗa wa uwargida, ta ce a nemo mai ruƙiyya. Shin abin nan yana yiwuwa a ƙasar nan, ko shekaru sun riga sun tafi da ni?

Ɗan Fagge:
Alhaji, ka fara koyon fitar da motarka daga gosulon titin Ibrahim Taiwo da yamma. In ka iya wannan sai mu yi maganar sama. Ni dai ina bayan Hajiya.

Baba Kyaftin:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, bar mutum ya yi tambayarsa. Alhaji, shekaru ba su hana ka ba. Abin da kake nema shi ne lasisin matuƙi mai zaman kansa, wanda muke ce wa PPL, hukumar kula da harkokin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ke bayar da shi. Yaro ɗan 17 ma yana iya samu, kuma ba a ce wane ya tsufa ba matuƙar likita ya sa hannu. Ana son aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki kai kaɗai ba malami a gefenka, har da tafiya guda ta kilomita 270 wadda za ka sauka a filaye biyu daban kafin ka dawo gida. Ga jarrabawar takarda: dokokin sama, yanayi, karatun taswira, yadda inji yake aiki, da yadda jikin ɗan Adam yake yaudarar mai shi. Sai Turancin magana da hasumiyar filin jirgi mai ba da umarnin tashi da sauka, wanda ba Turancin kasuwa ba ne, yana da nasa kalmomin.

Amma awa 40 ɗin nan a takarda take. Yawancin mutane sai sun haura 50 ko 60, musamman mai zuwa yau ya ɓace sati uku, don hannu yana mantuwa. Makaranta mafi kusa da kai ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, tun 1964 take, ni ma can na yi. Akwai wata a Ilori. Ka shirya barin shago a hannun yara na wasu watanni. Sannan ka sani da wannan lasisin ba a biyan ka ko sisi don ka ɗauki mutum. Iyalinka da abokanka za ka ɗauka kyauta.

Lasisi Ba Aiki:
Baba, da girmanka, ka faɗi mai daɗin ka bar mai ɗacin. Ni nan da kuke gani ina da lasisin tuƙin jirgi na kasuwanci, na haura awa 200, mahaifina gona ya sayar da fili biyu. Yau shekara uku kenan takardar tana cikin durowa, waya nake sayarwa a Farm Centre. Alhaji, koyon ba shi ne matsalar ba. Bayan ka karɓi lasisin, wane jirgi za ka tuƙa? A Kano ina za ka je ka ce a ba ka hayar ƙaramin jirgi irin Cessna na awa ɗaya kamar yadda ake hayar mota? In ka ce saya za ka yi, komai da dala: jirgin, kayan gyara, inshora, injiniyan da zai sa hannu a littafinsa. Ga man. Irin waɗannan ƙananan jirage masu fistin ba kananzir ɗin manyan jirage suke sha ba, wani fetur ne na musamman mai launin shuɗi, 100LL, kuma samunsa a Najeriya aiki ne. Shi ya sa Zariya ta sayo jiragen Diamond masu shan Jet A1, wato kananzir ɗin manyan jiragen. Cessna 172 tana shan lita talatin da wani abu a awa. Ka yi lissafi da biron Kwari.

Na Kwari:
Ƙanena, Allah ya kawo maka aiki mai albarka. Wallahi na ji maganarka har cikin ƙashi. Lissafin kuwa ina yi.

Maman Hanan:
Ni fa ban gane ba. Mutum yana zaune lafiya, Allah ya rufa masa asiri, sai ya ɗebi miliyoyi ya ƙona a iska don ya ga saman Dala? Ka hau Dala da ƙafa mana, matakala ce, kyauta. A layinku babu marayu? Babu wanda aka koro daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa? Ku yi haƙuri, ni a wurina wannan almubazzaranci ne.

Sarkin Dawaki na Zage:
Hajiya, to mu masu dawaki fa? Dokina bai taɓa kawo mini kwabo ba. Dawa, harawa, kanwa, mai kula da shi, likita, kayan ado, duk don hawan Daushe da Nassarawa da ɗan kilisa da yamma. Babu wanda ya taɓa ce a yi mini ruƙiyya, har kirari ake mini. 'Yan folo kuwa kada ma a fara. Garin nan mun saba da kashe kuɗi a kan abin hawa don jin daɗi, abin da ya bambanta na Alhaji kawai shi ne kakanninmu ba su yi ba.

Maman Hanan:
Doki in ya kayar da kai ƙafa ce za ta karye, a kai ka wurin mai ɗori.

Malam na Ƙofar Mata:
Kowa a cikinku ya riƙo wani gefe. Abin da ba haramun ba ne a kansa, hukuncinsa yana bin halin mai yi. In Alhaji ya fitar da zakka, ya sauke haƙƙin iyali da na dangi, bai ci bashi ba, bai taɓa jarin da wasu ke ci a ƙarƙashinsa ba, ban ga inda za a ce masa ya yi saɓo ba. Amma maganar Hajiya ba abin yarwa ba ce, domin halal daban, abin da ya fi lada daban. Kuma kada mu ɗauka sha'awar tashi baƙuwa ce a wurinmu. Abbas bn Firnas a Ƙurɗuba ta Andalus, tun ƙarni na 9, ya haɗa fukafukai ya gwada, ya tashi ya faɗo ya ji rauni, kuma a lokacin dattijo ne.

Ɗan Fagge:
Allah gafarta Malam, ka ce ya faɗo. Na gode, hujjata ta ƙaru.

Na Kwari:
Hajiya Maman Hanan, ba zan zo nan in lissafa abin da nake yi wa mutane ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Abin da zan ce kawai, shekara talatin ina buɗe shago da safe ina rufewa da magariba. Na aurar, na gina, na kai iyaye Makka. Wannan ne abu guda da na taɓa so wanda ba na kowa ba ne sai nawa.

'Yar Gwammaja:
Yaya, ni ba maganar kuɗi ce ta dame ni ba. Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002 ina gida ina wanki da rana tsaka jirgi ya faɗo unguwarmu. Ƙarar ba ta bar kunnena ba har yau. Mutum fiye da ɗari suka tafi, da na cikin jirgin da waɗanda ke zaune a gidajensu ba su sayi tikitin kowa ba. Wancan ƙwararru ne ke tuƙa shi. To ina ga mai koyo da inji ɗaya tal, yana yawo a saman gidajenmu? In injin ya mutu a kan Kurmi ina za ka sa shi?

Baba Kyaftin:
'Yata, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri. Tambayarki tana kan hanya, kuma ba zan yi miki ƙarya ba: ƙananan jirage masu zaman kansu sun fi jiragen fasinja yawan haɗari, nesa ba kusa ba. Sai dai mutuwar inji ba ita ce ta fi kashe mutane ba. Jirgi irin Cessna 172 in injinsa ya tsaya ba ya faɗowa kamar dutse, zamewa yake a iska kamar shirwa. Duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan tara a gaba, wato daga ƙafa 5,000 kana da wajen kilomita 13 na neman fili. Ana koya wa ɗalibi wannan har ya gaji: malami zai janye totur ba sanarwa ya ce, to inji ya mutu, ina za ka sauka? Kuma doka ta hana yin ƙasa-ƙasa a kan gari, dole ka bar aƙalla ƙafa 1,000 tsakaninka da gini mafi tsawo. Saboda haka Alhaji, in kana tunanin za ka zo ka kaɗa wa 'yan Kwari fiffike su ɗaga maka hannu, cire wannan.

Abin da ya fi kashewa shi ne zuciyar matuƙi. Ku tuna marigayi Gwamna Danbaba Suntai na Taraba, Allah ya jiƙan rai. Mutum ne mai son tuƙi da gaske, ya yi lasisinsa yana kan mulki. Ranar 25 ga Oktoba 2012, jajiberin Babbar Sallah, ya taso daga Jalingo da Cessna 208 ya faɗi kusa da Yola, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Binciken da aka fitar ya nuna ba shi da shaidar tuƙi da na'urori zalla, kuma rana ta faɗi yana sama. Ba don cin fuska na kawo ba. Duk wanda ya saba in ya ce a yi sai a yi, to sama ba ta san wannan ba.

Bakano a Texas:
Gaisuwa daga nesa. Ni na yi PPL a nan Amurka shekara huɗu da suka wuce, kuma ni ba attajiri ba ne, ma'aikacin asibiti ne. Abin da Alhaji yake mafarki a nan ba abin labari ba ne. Filayen jirgi na jama'a sun kai wajen 5,000, yawancinsu ko hasumiya babu, da oba-oba za ka sanar da sauran matuƙa ga ni nan zan sauka. Mu goma sha biyu muka haɗa kuɗi muke da jirgi ɗaya, kamar adashi, kowa ya rubuta ranarsa a waya. Asabar in gari ya yi kyau sai in ɗauki ɗana mu tafi wani ƙauye mu karya kumallo mu dawo, ban nemi izinin kowa ba. Duk Yuli akwai taro a wani gari da ake kira Oshkosh da jirage wajen 10,000 ke sauka. Ranar da na fara ganin haka Kano ce ta faɗo mini a rai: ga fili shimfiɗe, ga rana kusan kullum, ga masu kuɗi. Me zai hana mutum goma a Kwari da Singa su haɗa su sayi guda?

Lasisi Ba Aiki:
Yaya, abin da zai hana shi ne nan ba Texas ba ce. Filin Malam Aminu Kano fili ne na ƙasa da ƙasa, ga sojojin sama da jiragen horonsu a gefe. Ba ka motsa taya sai hasumiya ta ce motsa. Za ka shigar da takardar tsarin tafiya, ka faɗi inda za ka, mutum nawa, man awa nawa. Mallakar jirgin ma sai da izinin tashi wanda ba na kasuwanci ba. Ko ɗan jirgin ɗaukar hoton biki mara matuƙi, a doka sai da izinin NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A 2021 an hana shawagi a saman Zamfara ɗungurungum. Ka ce za ka sauka a wani ƙauye ka sha fura? Kafin ka kashe inji an kewaye ka.

Mai Tarihi:
Abin haushin shi ne a garin nan aka fara. Jiragen sama na farko da suka zo Najeriya Kano suka nufo, suka sauka a nan 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman. Jirage uku ne na sojan saman Ingila suka taso daga Misira ƙarƙashin Arthur Coningham, ko filin jirgi babu a lokacin. A 1936 filinmu ya fara aiki, kamfanin jiragen Holland, KLM, ya fara zuwa tun 1947. Kuma kun manta ɗalibin BUK da ya haɗa helikwafta a 2007 da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa? Har jaridun waje sun ɗauka. Sha'awar tana nan, hanyar ce babu.

Na Kwari:
Baba Kyaftin, duk na ji. Amma ka faɗa mini gaskiya, bayan duk takardun nan da izinin nan, akwai abin da ya rage? Ko dai wahala ce zalla?

Baba Kyaftin:
Akwai, Alhaji. Bari in ba ka labarin ranar da na fara tashi ni kaɗai. Da sanyin safiya ne a Zariya. Na zaga jirgin kamar kullum, na tsiyayi mai a ɗan kofi na ɗaga shi a rana in ga ko akwai ruwa a ƙasa, na shafa farfela da tafin hannu ina neman tsaga. Mun yi zagaye uku da malamina, muka sauka, sai kawai ya kwance bel ya buɗe ƙofa ya ce, je ka yi ɗaya ka dawo. Bai ko waiwayo ba. Na yi addu'ar hawa abin hawa, bakina ya bushe ƙaf. Da na tura totur, jirgin ya bar ƙasa tun kafin inda na saba, saboda nauyin mutum guda ya ragu. Na kai ƙafa 1,000 na juya, ga dutsen Kufena, ga Samaru, ga hayaƙin girkin safe yana tashi tsaye daga gidaje. Na dubi kujerar dama na ga ba kowa, sai na ji ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Minti shida ne ko bakwai. Na yi shekaru ina tuƙa manyan jirage zuwa Jidda da Landan, amma in ka tashe ni daga barci ka ce tuna tashi guda, wannan zan tuna.

A babban jirgi kai ma'aikaci ne, an rubuta maka lokaci da hanya. A ƙarami kai ke zaɓa. Kano zuwa Tiga minti ashirin da 'yan kai. Ka bi ta saman Kura da Kadawa bayan damina ka ga shinkafa kamar an shimfiɗa darduma, ka ga hanyar Zariya da tireloli kamar tururuwa.

Sai dai kalandarka ba irin ta Texas ba ce. Mai PPL da ido yake tuƙi, ana son ya hangi aƙalla kilomita 5. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da hazo ba ya barin ka ga ko kilomita ɗaya, manyan jirage ma sai su fasa sauka. Wata shekara a Janairu na taso da ƙaramin jirgi, a ƙasa ana gani ba laifi, ina hawa sai sama da ƙasa suka zama launi guda kamar kunun kanwa. Jikina yana rantse mini a miƙe nake, na'ura tana cewa na karkata hagu ina gangarawa. Da na bi jikina da yanzu ba ni ke rubutun nan ba. Na juya na koma inda na fito, na kwana a benci. A Afrilu kuma zafi ne: filin Kano yana ƙafa 1,560 daga teku, amma in zafi ya kai 40 iska takan yi sirara har jirgi ya ji kamar yana ƙafa 5,000, ya ci titi da yawa kafin ya ɗaga, ya hau da ƙyar. Damina kuwa hadarin yamma ba a wasa da shi. Lokacinka na gaskiya shi ne safiya, musamman Oktoba da Nuwamba.

'Yar Gwammaja:
Baba na gode da ba ka rufe ni da daɗin baki ba. Hankalina bai kwanta duka ba, amma na fahimta. Yaya, in ka yi, don Allah ka bi ta saman gonaki.

Ɗan Fagge:
Wato dai a shekara wata biyu za a yi tashin, sauran goma a yi ta goge jirgi da tsumma. Sarkin Dawaki, ashe naka ya fi.

Baba Kyaftin:
Ba wata biyu ba, kai ma ka san ƙari ka yi. Kuma ba a barin hannu ya huce: in kwana 90 suka wuce ba ka yi tashi da sauka uku ba, ba ka da ikon ɗaukar kowa. Alhaji, kada ka biya kowa ko naira tukuna. Fara da likitan da NCAA ta amince da shi, a duba ido, da bambance launi, da kunne, da zuciya, da jini, da suga. Tabarau ba ya hanawa. In ka wuce, ka nemi a ɗaga ka awa ɗaya tare da malami, da rana lokacin da iska ke jijjiga, ba da sanyin safiya ba. Na ga manyan mutane da suka sauko da leda a hannu suka ce a kai kasuwa.

Lasisi Ba Aiki:
In da gaske za a yi adashin nan da Yayanmu na Texas ya faɗa, ni zan riƙe muku littattafan jirgin kyauta, a bar ni kawai in riƙa ɗaga shi kada lasisina ya mutu. Kuma Alhaji, in kana so, zo shago da yamma in fara nuna maka taswira da yadda ake karanta rahoton yanayi na hukumar NiMet. Ina da littattafaina duka.

Na Kwari:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana tara. Na je wurin likita. Ido lafiya, launi lafiya, kunne lafiya. Jini ne ya hau, ni da ban taɓa sanin ina da shi ba. Ya ce ba a rufe ƙofa ba, in an shawo kansa da maganin da suka yarda da shi zan iya komawa, ya ba ni wata uku, ya ce in rage gishiri da kilo takwas. Uwargida da ta ji an hana balangun dare sai ta ce ta yarda da rabin maganar jirgi, sauran rabin sai ta ga malamin da idonta. Ƙanena na Farm Centre, ina nan zuwa ranar Talata bayan la'asar. Mutum biyu a layinmu sun ce a sa da su in adashin ya tabbata, ɗaya dai na san da baki yake.

Maman Hanan:
To ko ba komai an gano hawan jini. Allah ya ba da lafiya. Maganar marayu dai tana nan.

Na Kwari:
Amin Hajiya. Tana nan, ban manta ba.

Ɗan Fagge:
Alhaji, duk abin da na faɗa a baya wasa ne. Kujera huɗu aka ce jirgin yake da ita ko? A ajiye mini ta gaba.

Baba Kyaftin:
Kujera huɗu ce, amma in an cika tanki ba ta ɗaukar manya huɗu. Ɗan Fagge, kilo nawa kake?

Ɗan Fagge:
Baba, wannan kuma sai dai in turo maka ta akwatin sirri.